Mantuwar Yai Tongbai

A ƙauyenmu na Ban Don Kloi, mai agogo da marar agogo duk lokaci ɗaya suke bi, kuma ba lasifikar mai gari ke ba su shi ba. Daga ƙarƙashin gidan Yai Tongbai, wato Kaka Tongbai, yake fitowa, don gidajenmu a kan ginshiƙai suke. Da sassafe takan turara shinkafa mai danƙo ta juye a kwando, ta share ƙarƙashin gida, ta watsa wa agwagi dusa, sannan ta ɗauki doguwar gora ta zagaya baya inda bishiyoyin gwandarta suke. Ba kowace gwanda take tsinkowa ba. Sai ta daɗe tana ɗaga kai tana harare-harare kamar mai zaɓen suruka, kafin ta zunguro wadda ta ƙosa amma ba ta fara tunanin nuna ba.

Wajen ƙarfe goma sai ka fara jin wuƙa. Ta fere gwandar, ta riƙe ta a tafin hagu, dama na sara, kaf-kaf-kaf, ba ta ko kallon hannun, tana tsokanar duk wanda ya zo wucewa. Sannan ta kwantar da wuƙar ta shafto, gwanda ta zubo sili-sili a faranti, wani siriri wani da ɗan kauri. An taɓa sayo mata abin gurza daga birni don a sauƙaƙa mata. Yana nan rataye a ƙusa, zanzaro ya gina ɗaki a jikinsa.

Turmin na ƙasa ne, gasasshe, gadon mahaifiyarta, bakinsa ya ɗan ɓantare ta gefe ɗaya. Taɓaryar kuwa icen tsamiya ce, ta sha hannu har tana ƙyalli. Tafarnuwa da barkono ke fara shiga. Sai dogon wake, da tumatir, da gauta, da lemun tsami har ɓawonsa, da ludayi guda na daddawar kifi daga randar da ta shekara biyu a rufe, da sukarin giginya wanda bai fi kan ɗan yatsa ba. In damina ce a jefa ƙaguwar gona. Gwandar ce ke shiga ƙarshe, kuma a nan aikin yake: dama da taɓarya, hagu da cokali. Taɓarya ta sauka a gefen turmi, ba a gindinsa ba, cokali ya juyo na ƙasa sama. Pok-pok, juya. Pok-pok, juya. Ba kirɓa ake yi ba, ƙujewa ce kaɗan, don gwandar ta sha romo amma ta ci gaba da ƙara a haƙori. In ya haɗu sai ta ɗebo ta kai baki, don a garin nan mai riƙe da cokali shi ke fara ɗanɗanawa. Sannan ta miƙa wa na kusa da ita ta ce, "Ɗanɗana. Me babu?"

Tambayar ta al'ada ce kawai. Mukan ɗanɗana, hawaye ya taru mana don yaji, mu girgiza kai, mu jawo kwandon shinkafa.

Shekara arba'in da shida tana haka. Ba shago, ba allo, ba wanda ya ɗauke ta aiki balle ya sallame ta. Masu girbi sun ci, gidan biki sun ci, gidan rasuwa sun ci, kuma duk wanda rana ta yi masa tsaka a hanyar gidanta yakan sami wurin zama a gadon gorarta. Mu da muka ƙoshi da kwaɗon nan tun muna yara, ba wanda ya taɓa kiran abin da take yi aiki a cikinmu. Abin kunya ne, amma gaskiya ce, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Bara, bayan an gama dashen shinkafa, turmin ya yi shiru. Wata safiya taɓarya ta suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi bin umarni. Ta yi kwana goma sha biyu a asibitin lardi. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo tana ja, amma hannun dama ya tafi ke nan. Likita ya ce ba abin da zai hana ta ƙara shekaru masu yawa muddin za ta ci abinci ta motsa jiki. Aka ɗauke ta aka hau da ita gida, ta kwanta a tabarma ta juya fuska bango, ta daina ci. Cokali biyu na kunun shinkafa, sai ta ture kwano. Mako uku ana haka, har zoben da ya shekara talatin bai fita daga yatsanta ba ya zame da kansa. Ma'aikaciyar lafiya ta ce in aka ƙara mako guda, sai dai a mayar da ita asibiti a zura mata tiyo ta hanci. Yai ta ce duk wanda ya kusanto ta da tiyo, ya fara sayo itacen ƙona ta.

Nauyin duk ya faɗo kan Lamduan, matar ɗanta Bunhom wanda ke tuƙin tasi a Bangkok. Lamduan 'yar Suphan Buri ce, can inda suke zuba gyaɗa da sukari a kwaɗon gwanda su ce sun yi abinci. Shekararta ashirin da biyu a gidan, ta aurar da 'ya, amma a bakin uwar mijinta har gobe sunanta 'yar sukari. Ba abin da ba ta dafa ba a makonnin nan. Farfesun kaza, gasasshen kifi, miyar tsiron gora, duk sun hau matakala sun sauko yadda suka hau.

"Inna, ko loma ɗaya."

"Ba wa kare."

"Kare ya ƙoshi, Inna. Mako uku shi ke cin rabonki, har tumbi ya ajiye."

"To ya gode miki."

"Haba Inna, so kike mutanen gari su ce 'yar sukari ta kashe uwar mijinta da yunwa?"

Tsohuwar ta ce, "Tun ina budurwa ban taɓa ci ba sai wani ya ci daga hannuna. Yau wa ya ci daga hannuna?"

Lamduan ta miƙe. Ta ɗauki kwano ta sauko, ta tsaya a gindin matakala tana kallon turmin da ke kife a kan gadon gora. Tsoro ne ya cika ta, ba na bakin mutane ba. Ta gane cewa matar nan da suka shekara ashirin da biyu suna cacar baki, in ta tafi, ba ta san da wa za ta ƙara yin magana da safe ba.

Da yammacin ranar masu dubiya suka taru a ƙarƙashin gidan kamar yadda suka saba, don Yai ta hana kowa hawa. Cikinsu akwai Kru Prayong, wato Malam Prayong, tsohon malamin firamaren da ya koya wa rabin garin karatu, wanda har yau in ka gaishe shi sai ya gyara maka gaisuwar. Ya dubi turmin ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Duk garin nan ni kaɗai na taɓa kama matar nan da kuskure."

Aka ce, "Kai Kru, ka fara."

Ya ce ba farawa ba ne, tarihi ne. Shekara goma sha biyar da suka wuce, bayan an ƙona gawar matarsa, ya hau gida ya rufe ƙofa. An kai masa abinci iri-iri, an yi ta ba shi haƙuri har kalmar ta fara yi masa ɗaci. Rana ta takwas sai ya ji pok-pok a ƙarƙashin gidansa. Ko gaisuwa Yai ba ta yi ba, ta ɗaga murya ta ce, "Kru, mura ta kashe min harshe, ga masu girbi na jira. Sauko ka ɗanɗana min." Ya ce don kunya ya sauko, da niyyar ya taɓa a harshe ya koma.

"Ko ɗigon lemun tsami babu! Na ce, Tongbai, ina lemun tsami? Ta dafe kai ta ce, kai, tsufa bai yi ba. Ta matsa, na ɗanɗana, na ce yanzu kuma ya yi yawa. Ta ƙara daddawa. Ta ce ai ba a gane ɗanɗano da bakin wofi, in ɗauki shinkafa in dangwala. Kafin in daidaita mata kwaɗon nan sai da muka yi kusan awa guda." Ya gyara tabarau. "Ba don ni ba, da ta ji kunya a gaban masu girbi."

Kampong mai gyaran babur, wanda ya rasa ƙafa ɗaya a hatsari, ya tuntsire da dariya. "Kai kaɗai? Ni fa? Lokacin da na dawo daga asibiti na ce a bar ni in mutu, ta zo min da kwaɗo babu barkono ko ɗaya. Kwaɗon Yai babu barkono! Sai da na yi mata faɗa."

Wata mata daga bakin kogi ta ce ita tafarnuwa aka manta, shekarar da ruwa ya cinye musu gona mijinta ya gudu. Wani tsoho ya ce shi gishiri ne ya yi yawa. Dariyar ta fara raguwa. Kowa ya shiga kallon na kusa da shi, don kowannensu ya daɗe yana riƙe da labarinsa a matsayin abin alfahari, bai taɓa zaton akwai mai irinsa ba.

Lamduan ta zauna a gefen gadon gora, ita ma ta tuna nata. Shekararta ta farko a gidan ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Ta yi kwanakin jego a gefen wuta yadda al'adarmu take, hannu wofi, aka kashe wutar, Bunhom ya koma Bangkok, ita kuwa ta ci gaba da kwanciya, baƙuwa a garin da ko harshensu ba ta gama ji ba. A lokacin ta tabbata uwar mijinta ba ta ƙaunarta. Sai wata hantsi Yai ta hau da turmi a hannu ta dire shi a gabanta ta ce, "Ke 'yar sukari, baƙi za mu yi daga birni, irin na garinku suke ci. Na gwada, ban san me na yi ba. Tashi ki fitar da ni kunya." Lamduan ta ɗanɗana, ta ji ba zaƙi, gyaɗar ma ɗanya ce ba a soya ba. Ta tashi ta soya gyaɗa, ta narka sukari, ta nuna wa tsohuwar yadda ake yi a gidansu. Suka zauna su biyu suna ci suna jiran baƙi. Yai da ke cewa kwaɗo mai zaƙi abincin masu ciwon haƙori ne, ranar har da suɗe hannu.

Shekara ashirin da biyu tana tuna ranar nan a matsayin ranar da ta koya wa Yai Tongbai wani abu. Sai yau, zaune a gaban kifaffen turmi, ta tuna cewa baƙin ba su taɓa zuwa ba.

Ke ce, Yai, kika gane abin da mu masu zuwa da kwanuka ba mu gane ba. Wanda baƙin ciki ya kwantar ya gaji da karɓa. Kowa na miƙo masa, kowa na lallashinsa, shi kuwa abin da ke cinsa shi ne ganin duniya za ta iya tafiya ba shi. Ke ba ki taɓa ce wa kowa ci ba. Kin je musu da buƙata, kin ce ku taimake ni, kuma kin biya da abin da ya fi miki tsada, wato sunan hannunki. Mace mai ji da kanta irinki, wadda ba ta yarda a ce mata ko ƙwayar barkono ta yi yawa, kin tsaya Kru ya yi miki darasi kan lemun tsami, kin dafe kai kin ce tsufa. Kin bar kowannenmu ya tafi yana taƙama, ba ki taɓa karɓe taƙamar daga hannun kowa ba. Uwar marasa ci, sannu.

Kru Prayong ne ya fara farfaɗowa. Ya buga cinya ya ce, "To ai maganin yana hannunmu! Abin da ta yi mana shi za mu yi mata."

Washegari Lamduan ta zunguro gwanda, ta sara, ta daka a hankali yadda ta iya, ta bar lemun tsami da gangan. Masu dubiya suka yi tsit a ƙasa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta hau ta durƙusa a gefen tabarma.

"Inna, ki taimake ni. Na daka, amma na rasa me babu."

Yai ko juyowa ba ta yi ba. "Lemun tsami. Ban ji kin yanka ba, kuma ina jin ƙanshinsa a ƙullin zanenki. Ki gaya wa Kru, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tun jiya nake jin ku, katakon gidan nan ba kurma ba ne."

"Inna..."

"Ni za ku yi wa wannan? Ni?" Ta ƙara matsawa jikin bango. "Abu ɗaya ya rage min da ba wanda ya sani, shi ma kun tono kun baza a ƙarƙashin gida. Hannu ya tafi, yanzu mantuwar ma kun karɓe. Sauka min da shi."

Ranar ko cokali biyun na kunu ba ta sha ba. Dabarar da muka yi murna da ita ta ƙara dagula al'amari, kuma ina cikin waɗanda suka zuga, don haka ba zan ɗora wa Kru shi kaɗai ba. Lamduan ta sauko ta roƙi kowa ya tafi gida. Muka watse muna sunkuyar da kai.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji. Ta ce ta zauna a gadon gora rana tsaka, ba kowa sai agwagi. Kwana huɗu ya rage a zo da motar asibiti. Ga sauran gwanda a faranti, ga turmi. Ba ta san lokacin da ta juye gwandar ciki ba. Ta kama taɓarya da hannu biyu, ba cokali, ta shiga bugawa tsakiyar gindin turmin, yadda ake kirɓa kayan miya a turmin dutse a garinsu. Kuka take yi tana bugu, tana bugu tana kuka. Dum! Dum! Dum! Turmin ƙasa kuwa ba a yi masa haka. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ƙarar turmin da ke shirin rabewa biyu.

"Ke!" aka ce daga sama. "Ke 'yar sukari! Turmin uwata ne!"

Lamduan ba ta ji ba. Dum! Dum!

Katako ya yi ƙara. Aka ji ana jan wani abu a hankali, ana tsayawa, ana sake ja. Da Lamduan ta ɗaga kai, sai ga Yai a bakin matakala a zaune, gashi a hargitse, hannun dama na lilo, tana haki. Ta zabura za ta tare ta.

"Kar ki taɓa ni! Ajiye taɓaryar nan tukuna."

Matakala tara ce. Da jan gindi ta sauko su, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a kowace, kuma a kowace sai ta sami abin faɗa. "Shekara ashirin da biyu kina kallona, idon naki na ado ne? A gefe ake bugu! A gefe! Wa ya ce miki dutse ne? Da kin fasa shi da sai ki bi uwata lahira ki yi mata bayani." Da ta iso gadon gora ta jawo turmin da hagu, ta shafa cikinsa, ta ƙwanƙwasa ta saurara. Bai tsage ba. Ta leƙa abin da ke ciki ta yamutsa fuska. "Wannan kuma mene ne? Kunu? Zuba wa agwagi, in sun yarda. Zunguro wata. Ba waccan ba, ta hagunta."

Lamduan ta zunguro, ta fere, ta sara. Tsohuwar na zaune tana ba da umarni kamar ba ita ce aka gama yi wa kuka ba: tafarnuwa uku, barkono bakwai, a karya waken da hannu ba da wuƙa ba. Da aka zo zuba gwanda ta ce, "Ina cokali?"

"Inna, ni in na riƙe cokali taɓaryar ke kuɓuce min. Ban taɓa iya haɗa su ba."

"Na sani. Miƙo shi nan."

Ta karɓa da hagu, hannun da ya shekara arba'in da shida yana wannan aikin, wanda ciwon bai taɓa ba kuma ba wanda ya tuna da shi, har ita kanta. "Buga. A hankali, ba kan mijinki ba ne." Bugun farko taɓarya ta sami cokali, aka yi tsaki. Na biyu ma haka. A na biyar ko na shida sai suka haɗu. Pok-pok, juya. Pok-pok, juya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ga dama a jikin wata, hagu a jikin wata, turmi bai san bambanci ba. Matar bakin kogi ta ce tana kan keke ta ji ƙarar, sai da ta sauka ta tsaya a tsakiyar hanya.

Da ya haɗu, cokalin na hannun Yai cike da kwaɗo. Ba wanda ya ce mata komai. Hannun ne kawai ya yi abin da ya saba, ya nufi baki. Sai da ta fara tauna ta farga. Ta tsaya cak, ta zuba wa Lamduan harara, kumatu a cike. Lamduan ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Me babu, Inna?"

Tsohuwar ta ci gaba da tauna, ta haɗiye.

"Daddawa. Kullum hannunki na tsoron randar nan kamar da maciji a ciki. Ƙara rabin ludayi." Ta juya, ta sake ɗebowa, ta tsaya da cokalin a iska. "Kuma ba a gane ɗanɗano da bakin wofi. Ina shinkafa?"

Loma biyar ta ci ranar, Lamduan ta ƙirga. Washegari ta ci goma, har da faɗa kan cewa shinkafar ta yi tauri. Motar asibiti ta zo ranar da aka ce, ma'aikaciyar lafiya ta sami marar lafiyarta a ƙasa tana juya cokali, aka miƙa mata ta ɗanɗana, ta koma da tiyonta a cikin leda.

Yau wata goma ke nan agogon garinmu ya dawo. Ya ɗan rage sauri, kuma yanzu da cacar baki yake tafe, don daga bakin haikalin da muke ibada kana jin "a gefe na ce!" da "ai a gefen nake, Inna!" Gardama ɗaya ce ta ƙi ƙarewa a garin: shin da gangan Lamduan ta bugi gindin turmin nan? Kru ya ce dabara ce, kuma daga shawararsa ta samo asali. Lamduan ta rantse ba ta cikin hayyacinta, ni kuma na yarda da ita. Na tambayi Yai da kanta. Ta ce, "In da gangan ta yi, ta fi ni iyawa, dole in zauna in ga ƙarshen wayonta. In kuma ba da gangan ba ne, to har yanzu ba a barin ta ita kaɗai da turmin mutane. Ko wanne ne, ba ni da lokacin mutuwa bana."

Ranar Lahadi mai zuwa za mu taru a ƙarƙashin gidanta mu ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, yadda ake yi wa wanda ya yi nisa ya dawo. Ta ce a ɗaura a hagu, kuma kar a cika, zai hana ta juya cokali. Kafin ranar nake so in faɗi abin da muka yi shekara arba'in da shida ba mu faɗa ba. Mun gode, Yai. Kru ya gode, Kampong ya gode, da duk waɗanda suka sauko daga matakalar gidajensu don su gyara miki kwaɗo, suka wayi gari suna raye. Mun gode wa Lamduan, da ta ba da aron damanta ba tare da an roƙe ta ba.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da turmi ba. A kowace unguwa akwai wanda ya hau sama ya juya fuska bango. Kwano yana da kyau, haƙuri ma yana da kyau, amma wani lokacin ku je masa da abin da kuka kasa, ku ce ya duba muku. Ku yarda a gyara ku, ko da kun fi mai gyaran sani, kuma in ya tafi yana taƙama ku bar masa taƙamarsa.

Yai Tongbai, kin daɗe kina miƙo mana cokali kina tambaya, mu kuwa baki cike ba mu taɓa amsawa ba. To ga amsar. Mun ɗanɗana aikinki, mun dangwala da shinkafa mun sake ɗanɗanawa, ba mu sami abin da babu ba.